Dutsen Kabarin da Aka Auna Daga Harare

Shugaban taro, mai girma Fasto, mai garinmu, Tete Rumbidzai ƙanwar marigayi, surukai da maƙwabta, barkanku da zuwa. Na gode da kuka bar gonakinku kuka hawo tudun nan don buɗe dutsen kabarin mijina, Baba Gwenzi. Kafin a yaye mayafin da aka lulluɓe dutsen da shi, ina da magana.

Ta farko, godiya ga ɗana Tonderai, ga shi can yana kallon takalminsa. Mun sayar da shanu ya yi karatu, yau a Harare yana koya wa kwamfuta gani. Na ce ya zo ya auna kabarin ubansa, a yanko dutsen da za a shimfiɗa. Ya ce, "Amai, mahaifiyata, wa ke hawa mota don awo yanzu? Hoto yana ƙanƙanta na nesa, ya kumbura na kusa, amma ki ajiye bulo huɗu a kusurwoyi, ki gaya mini tazararsu, lissafi zai miƙe hoton."

Na ce, "Lissafin zai gaishe da ubanka?"

Ya ce, "Amai ke nan!"

Ta biyu, dutsen ya iso, ya gaza da taƙi guda. Da na kira shi, sai ya ce wai lissafin yana ɗauka ƙasa a shimfiɗe take kamar tebur, bai san da gangare ba. Gangare, jama'a! Tudun da ya yi kiwon awaki a kansa, tudun da ya karya masa haƙori! Kwamfuta ba ta taɓa hawansa ba, na yafe mata. Shi fa?

Ta uku, ya ce zai aiko da wani dutsen. Aike kuma! Na ƙi. Tonderai, mutumin da ya taka har garin Masvingo a ƙasa don ya kai ka makaranta, yau ƙafafunsa ne a waje, ruwa na dukansu. Haka za su zauna, kowa ya gani, sai ka durƙusa ka auna da hannunka. Zuwa da kai ya fi aike.

Allah ya jiƙan Baba Gwenzi, ya mai da kowa gida lafiya, ya ba 'ya'yanmu ilimin da ya san hanyar gida. Tete, yaye mayafin. Tonderai, taso, ga igiyar awo.

Na gode.