Ƙarfe a Ƙugun Inna

A tashar Birnin Gwari, Abarshi maƙeri ya matsa wa wata tsohuwa a benci.

"Inna, zauna ki huta."

"Bar ni a tsaye, ɗan nan. Ƙarfe aka sa mini a ƙugu. Likita ya ce ya zauna daidai, in riƙa takawa ƙashin ya yi ƙwari. Da ya karkace, gefe ɗaya zai zaizaye."

"Kamar fartanya ke nan! In ruwan ya karkace, ƙota ke cinyewa."

"Au, ni ce fartanyar?"

"Tuba nake. To, duk tsayuwar nan ta mece ce?"

Ta shafa sabon zanen da ke hannunta.

"Jikata ta haihu a Randagi. Ni na goya ta, ni na goya uwarta, Allah ya jiƙanta. Wannan ma sai ya hau bayana."