Maigidana Bai Gama Zaɓe Ba

Salamu alaikum ya ustaz, barka da aiki. Ni ce Hajo, daga Sinja.

A zaɓen shugaban ƙasa na kafin a raba Sudan, 'yan takara sun yi yawa, amma maigidana ya jefa wa wanda ya janye ƙuri'arsa. Daga baya yaƙi ya kore mu daga gonarmu, kudu da garin Rusairis.

Yanzu kullum yana shan gahawa yana sake zaɓen. "Hajo, da wane ya ci..." Yau wannan, gobe wancan. Ko wa ya ci, ƙarshen labarin muna gonarmu muna yankan dawa.

Wallahi na gaji, amma lokacin kaɗai yake murmushi. Jama'a, in farkar da shi ko in ƙyale shi?