Wanda Ya Ceto Akuyar

A ɗakin jiran likita, wata matashiya tana karatu tana murmushi. Dattijon da ke gefenta ya leƙa bangon littafin.

"'Yata, kin kai inda ya faɗa rafi ya ceto akuya?"

"Yanzun nan, Baba. Marubucin nan jarumi ne tun yana yaro!"

"Jarumin ina? Ƙanena ne fa. Ni na shiga ruwan, shi yana gefe yana ta ihu."

"Ashe tarihin nasa ƙarya ne?"

"A'a, gishiri dai ya ƙara. Ci gaba, za ki ga inda ya ce duk gidanmu na fi kowa kyau."

Ta dube shi, ta danne dariya.

Ya gyara zaman hularsa. "Nan kam bai ƙara komai ba."