Ranar da Na Kama Bakina a Kan Hanyar Kiyeshe

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Hannatu, ungozoma ce ni a ɗakin shan magani na mishan nan Dogon Dutsi. Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi ba na jiki ba ne. Hassada ce, kuma ta kusa kashe ɗan mutane.

Shekara goma sha huɗu ina karɓar haihuwa kafin Sara ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce daga Barazil, ta baro iyayenta ta zo aikin sa kai. Ni na koya mata gaisuwa, ni na nuna mata yadda ake ɗaura zane. Wata uku bai cika ba, mata suka fara tsallake ni suna cewa, "Mu dai Baturiya muke jira." Wata Bafulatana da na wuni ina fama da naƙudarta ta haifi ɗiya, ta sa mata suna Saratu. Na yi murmushi a wurin suna, na koma gida na kasa cin tuwo.

Ranar Lahadi ina rera waƙa a mawaƙa, amma in na ji dariyar Sara sai hassada ta taso mini. In Hausarta ta karye aka yi mata dariya, daɗi nake ji. Kaito!

Wata Talata muka tafi awon yara wani ƙauye bayan Kiyeshe. Wata mata ta kawo ɗanta jikinsa kamar wuta. Sara ta ba ta ƙwayoyi shida, ɗaya da safe ɗaya da marece har kwana uku. Amma abin da ya fito bakinta shi ne, "Shida. Safe, marece. Uku." Da kunnena na ji matar tana ce ma maƙwabciyarta, "Uku yanzu, uku da marece ke nan."

Na ji, 'yan'uwa! Na kama bakina. Na ce a raina, ai Baturiyarku ce, ta yi muku bayani.

Mun kama hanyar gida, Sara tana gyangyaɗi a kafaɗata saboda gajiya. Na so in yi addu'ar tafiya kamar kullum, bakina ya ƙi buɗuwa. Fuskar yaron kawai nake gani. Da ƙyar na ce, "Yesu, ka ji tausayina, ni mai kisa ce." Sai kuka ya ƙwace mini.

Na ce ma direbanmu, "Malam Idi, don Allah mu koma."

Ya ce, "Madam, mun kusa kwalta fa!"

Na ce, "Ko mun kai gida ne, juya."

Mun tarar uwar yaron ta riga ta ba shi uku, yana ta amai, idanunsa sun kafe. Muka ɗauko shi da uwarsa zuwa asibitin gari. Kwana biyu yana kwance. A rana ta uku ya tashi ya nemi koko. Halleluya!

Sara ta ɗauka laifinta ne, har ta fara haɗa kayanta. Na same ta na durƙusa, na gaya mata kome. Sannan ta ce, "Yaya Hannatu, ya yi zafi. Ba yau ba. Amma zan yafe." Sati biyu ba ta shiga mota ɗaya da ni ba, ban ga laifinta ba. Na kuma je na faɗa ma uwar yaron gaskiya da bakina.

Yau Sara na zaune can layi na biyu, ita ta ce in tashi in faɗa.

Na gode ma Ubangiji da bai bar jinin yaron nan a hannuna ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai wanda jin sunansa ke ƙona maka zuciya, kada ka jira hassada ta kai ka inda ta kai ni. Ka kai ma Yesu yau, ya iya. Amin.