Hoton Jikin Kaset

A tashar motar Wahran ta ƙasar Aljeriya, a shekarun da ake bin mawaƙan kiɗan zamani da ake kira rai ana harbewa, wani dattijo mai gemu ya tsaya gaban teburin Lahwari mai sayar da kaset.

"Kana da na mawaƙiyar nan Shaba Rahmuna?"

Lahwari ya dubi gemun, ya ɗauka cikin masu harbin ne. "Wa? Ni wa'azi kawai nake sayarwa, Baba."

"Ɗana, ga kwalin can ya leƙo daga ƙarƙashin tebur."

"Wallahi ajiya aka ba ni! Ko jin kiɗan ba na yi. 'Ya'yana uku, Baba, ka dubi Allah. Yau zan ƙone su."

"Rage murya, kada ka ƙone su. A unguwarmu ba wanda ya gane muryarta. Hotonta da ke jikin kaset ɗin nake so ka cire, kada a gane ta."

Sai a lokacin Lahwari ya dubi dattijon da kyau.

"Me ya haɗa ka da ita?"

"'Yata ce. Da sarewata na koya mata waƙa tun tana ƙarama." Ya waiga hagu da dama. "Tebur bakwai na zaga yau. Saura nawa?"

Lahwari ya ce, "Baba, a tashar nan kaɗai mun fi talatin."