An Cire Tsohon Mai Sarewa

Ranar Talata ce, tun safe ruwa yake zuba a Manila. Na fake a barandar babban ɗakin kiɗa, inda aka manna jerin wasannin watanni masu zuwa da sunayen makaɗa. Wani dattijo riƙe da siririyar jaka ya matsa kusa da wata tsohuwa.

"Inna, taimaka ki karanta min sunayen makaɗan. Na baro tabarau a gida."

"Duka saba'in ɗin? Baba, ba ka da jikoki ne?"

"Masu sarewa kawai."

"Biyu ne, Dalisay da wata Marites Ocampo. Kai, mun gode Allah, an cire tsohon nan!"

"Me ya yi miki?"

"Shekara ashirin ina zama a layi na huɗu. Da can idan ya busa, har mijina mai gyangyaɗi sai ya farka. Amma bara, sai kowa ya shiga sannan shi ya biyo baya, kamar wanda mota ta bari."

"Wataƙila ba ya jin sauran ne sosai."

"To ya zauna a gida mana!"

"Duba ƙasa, cikin masu jiran ko-ta-kwana."

"Babu kowa, sai lambar waya."

"Sun ce za su kira ni kafin su buga sunayen."

Ta dubi jakar, daidai tsawon sarewa, ta rufe baki da hannu.

"Bar shi, Inna," in ji shi, yana cusa jakar cikin rigarsa. "Abu uku ne kawai suka tafi: shekara talatin da ɗaya, kunnen hagu, da kujera ɗaya."