Ƙwayar barcin da Baba ke rabawa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Rakiya ce daga Sokodé.

Yayana da ke Turai ya aiko wa Babanmu a Dapaong ƙwayar barci, wai can kowa ma ita yake sha. A kwalbar bitamin ta zo, babu suna, babu takardar likita. Da na tambayi yayan nawa sunanta, sai ya ce, "Ke dai boko ya ɓata ki."

Da na je gida, na tarar Baba yana raba wa abokansa a kasuwar shanu kamar goro. Shekaranjiya ya yi gyangyaɗi a kan babur, Allah ne ya tsare. Na ɗauke kwalbar, shi kuma ya daina ɗaga wayata.

Likitocin da ke sauraro, ina zan kai ta a duba? Baba, na san rediyonka a kunne yake. Ina gaisuwa, amma kwalbar tana Sokodé.